Ruwan da Muka Ce Ba Ma Zubawa

Bazarar bana ta zo da mugun zafi. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, kaji su buɗe baki su lafe gindin randa, tabkin Madarunfa kuwa ya ja baya har awaki na kiwo inda masunta ke tura jirgi da kaka. Ni dai tsufa ya zaunar da ni, idona ma ya fara hazo, aikina ke nan in ja tabarma in bi inuwar bedi duk inda ta juya. Ina zaune haka wata Laraba sai ga Sahiya, matar ɗana, ta shigo da murna har mayafinta na faɗuwa. Wai wasu mutane sun zo da mota, za su kafa firigo, wato injin sanyaya madara, mai aiki da hasken rana a bakin kasuwa, za a riƙa kwasar madarar garinmu kowace safiya a kai Maraɗi.

"Iya, har sun rubuta sunana. Sun tambaye ni lita nawa saniyarmu ke bayarwa."

"Kika ce nawa?"

"Na ce uku."

"Uku? A bazarar nan? Da bakinki kika faɗa?"

Ta yi dariya, ta ce ai kowa sai da ta ƙara, don kada a raina ta. Ni ban yi dariya ba. Na san wannan tambayar, na kuma san wannan amsar. Ni ma na taɓa ba da irinta, shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, kuma har yau ban gama jin ɗacinta ba.

Wancan karon damina ce ta yaudare mu. Gero ya fid da kai, muna ta godiya, sai ruwa ya ɗauke kamar an rufe famfo. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. Maigidana ya bi 'yan'uwansa ta garin Ɗan Isa ya tsallaka Najeriya neman abin da za a ci. Ya bar ni da yara huɗu, da mahaifiyata, da saniya ɗaya.

Inna ta dawo wurina ne daga wajen Safo bayan rasuwar babanmu. Idonta ya riga ya tafi, amma abin da Allah ya rage mata a ido ya ƙara mata a kunne. Tana ɗaki za ta gaya maka wace akuya ce ta shiga madafa. Saniyar kuwa Kyalla muke ce mata, saboda farin da ya ratsa cikinta, kuma ba ta maigida ba ce, tawa ce. A danginmu haka ake yi: maza su gaji gona, mace ta tafi ɗakin miji da karsana. Kakata ta ba Inna, Inna ta ba ni daga cikin jikokin waccan. Miji ba ya sayar da ita, ba ya tambayar inda kuɗin nononta ya shiga. Ita ce abin da mace ke dafawa ta miƙe ranar da komai ya kwanta.

Kyalla ta haifa mini maza uku a jere, duk sun tafi kasuwa a shekarun da suka matsa mana. Sai da ta fara tsufa, haƙoranta suka fara cinyewa, sannan ta haifi mace, cikin ɗari, ranar Lahadi. Muka sa mata Ladi. Ja ce jawur, da ɗan fari a goshi. Tana jiƙe Inna ta shafa ta tun daga kunne har wutsiya, sannan ta kira 'yar farina, wadda lokacin shekararta tara, ta kama hannunta ta ɗora bisa bayan maraƙar.

"Ga taki nan," ta ce.

Daga ranar yarinyar nan ba ta da wata hira sai Ladi.

Wanda bai taɓa tatsa ba, bari in gaya masa yadda abin yake. Shanunmu ba sa sakin nono sai sun ji bakin ɗansu. Sai a kwance maraƙi ya fara tsotsa, nono ya sauko, a janye shi a ɗaure kusa da wuyan uwar tana lasarsa, sannan ka durƙusa da ƙwarya. Kan nono huɗu ne a hantsa. Na gaba biyu na mai tatsa ne, na baya biyu na maraƙi. Haka Inna ta koya mini tun hannuna bai iya kewaye kan nonon ba, kuma ban taɓa ganin wata mata a garinmu ta yi dabam ba.

Da damina wannan ba ya damun kowa, nono har ya yi yawa. Da bazara kuwa na gaba biyun ba su cika ƙoƙo. To me ake kaiwa kasuwa? Yanzu na tsufa, ba ni da wanda zan ji wa kunya: ruwa muke ƙarawa. A kwantar da nonon ya yi tsami, a kaɗe man, a jiƙa farin garin 'ya'yan kuka a tace a zuba, ƙwarya ta cika ta yi kauri. Masu saye sun sani, mu ma mun san sun sani. Mai furar da nake kai wa sai ta ɗanɗana da ludayi ta ce, "Barira, yau rijiya ta fi Kyalla ƙoƙari." Mu yi dariya, ta ɗan rage abin da za ta rage, kowa ya kama gabansa. Abin da ban taɓa tsayawa na duba ba shi ne, wannan ruwan da muke ƙarawa shi ke barin nonon baya a bakin maruƙa.

Wahalar kuwa ba a magana. Ƙwarya bisa gammo, tafiya cikin rairayi mai zafi har Madarunfa, ka wuni kana korar ƙuda, la'asar ta yi ka karyar da abin da ya rage don kada ka dawo da shi. Muna jin labari wai a Maraɗi ana neman madara ido rufe, amma wace madara ce za ta kai Maraɗi a kan mutum ba ta tsinke ba?

Cikin wannan hali Mushe Lawali ya zo. Ma'aikacin wani furoje ne, wato shirin taimakon ƙauyuka, irin waɗanda ke zuwa da farar mota su yi 'yan watanni su wuce. Mushe muke ce masa, yadda ake ce wa malaman lakwal, makarantar boko. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, ba mugu ba ne. Yana zama a tabarmarmu, yana shan ruwan randarmu ba ya yatsina fuska, kowace mace "uwata" yake ce mata. Mako biyu ya yi yana bin mu kasuwa da littafi da wani kofi na awo, yana auna abin da ke cikin ƙoren kowa. Sannan ya tara mu gindin tsamiyar ƙofar gidan mai gari, ga dattawa zaune gefe guda, ya ce ya samo mana hanya. Akwai wata Hajiya a Maraɗi mai yin yawur, kindirmon 'yan birni, ta yarda ta bar garin madara na kanti ta koma tamu, in dai za a kai mata cikakken bido, wato babbar jarka, kowace safiya har damina ta faɗi. Furoje zai ba da bidon da moto, wato babur ɗin da zai riƙa kai shi. In bido ya je da giɓi sau uku, ciniki ya watse.

"Amma ku gaya mini gaskiya, iyayena," ya ce. "Abin da na auna a ƙorenku, nono ne zalla, ko kuna ƙara ruwa?"

Ga mai gari, ga liman, ga surukan wasu daga cikinmu, ga baƙo ɗan birni da alƙalami a hannu. Habsu, wadda muka sa gaba ta zama shugabarmu, ita ta dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Ruwa, Mushe? Sai dai matan wani gari."

"Sai dai wani gari," muka amsa gaba ɗaya. Har da ni, kuma muryata ba ta fi ta kowa ƙasa ba.

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya duba littafinsa ya ce mu goma sha biyu za mu cika bido ɗaya ba tare da wahala ba. Ya ɗauko jan fenti ya ja layi a wuyan bidon. Ya kuma ba Habsu wani ɗan gilashi mai iyo, ya ce da an tsoma shi a madara zai tona ko cokali ɗaya na ruwa aka ɗiga. Wato ya auna mana layin nan da ƙoren da rijiya ta cika, sannan ya rufe mana rijiyar. Shi bai san abin da ya yi ba, mu kuwa da muka sani ba wadda ta buɗe baki.

Ranar farko muka tashi tun asuba. A wanke hannu da sabulu, a wanke hantsa da ruwan ɗumi, a tatsa, a tace da farin ƙyalle, duk yadda ya koya mana, kuma wallahi koyarwar tana da kyau. Muka hallara ƙofar gidan Habsu, kowa ta juye nata. Da ta ƙarshe ta juye muka leƙa, madara ta tsaya nesa da jan layi, giɓin ya fi tsawon hannu daga yatsa zuwa wuyan hannu. Ga mai moto yana ta taka inji. Muka kalli juna. Sai wata ta ce, "Af, na manta sauran nawa a gida." Wata ma ta ce ta manta. Kafin ka ce me, duk mun watse, muka dawo da sauran da muka manta. Ba wadda ta tambayi 'yar'uwarta inda ta ajiye shi.

Na koma gida a guje na tarar Ladi ta kafa baki a nonon baya. Na janye ta, na tatsi ɗaya, na bar mata ɗaya. Ina miƙewa na ji muryar Inna daga ƙofar ɗakinta.

"Barira, na ji kin wuce."

"Wuce ina, Inna?"

"Kada ki maida ni yarinya. Na gaba in sun ƙare, ƙararsu a ƙwarya sirara take. Wannan da na ji yanzu mai ƙarfi ce. Ta baya ce."

"Yau kaɗai ne, Inna. Don kada a fara da kunya."

Ta juya ta koma ciki tana laluben bango.

To amma fa an ga amfani, kada in yi ƙarya. Kafin azahar mai moto ya dawo, kowa ta karɓi nata a hannu. Ba tafiya, ba gammo, ba ƙuda. Ranar na auno tiyar masara, yarana suka ci tuwo suka ƙoshi, abin da suka yi wata guda ba su gani ba. Kafin wannan, ganyen tafasa da ɗan garin rogo muke kwaɗawa, ƙaramin cikinsu ya kwana yana murɗa ciki. Duk wanda zai zage ni, ya fara zama da yara huɗu da rumbun da ba komai a cikinsa sai kashin ɓera, sannan ya zo mu yi magana.

Sai rana ta ƙara wuta. Harawar waken da na ɓoye bisa rumfa ta ƙare. Karan dawa ya ƙare. Dusar da ake ba saniya mu muka koma tankaɗewa muna zubawa a kunu. Da sassafe bayan moto ya tafi sai mu fita mu mata, mu bi gindin gawo muna tsintar 'ya'yansa, mu share busasshen ganye da tsintsiya mu ƙulla a zane. Da rana ba mai motsi. Iska in ta taso sai ta fi rashinta, kamar daga bakin murhu take fitowa. La'asar mu tafi rijiya, guga ya sauka ya dawo da rabi ruwa rabi laka, mu jira ya kwanta. Har jinkar tsohon rumbu na warware na ba Kyalla. Ƙasusuwan ƙugunta suka fito har kana iya rataya faifai a kai. Nonon gaba ya koma ɗigo, na baya ɗaya da nake ɗauka ya daina isa.

Shanun mata biyu suka ƙafe ƙaf, suka fita. Layin bai sauko ba, muka koma mu goma a kansa. Bido ya tafi da giɓi sau ɗaya, Hajiya ta aiko da faɗa. Bayan mako biyu ya sake tafiya da giɓi, ta aiko cewa saura ɗaya.

Ladi kuwa ta daina tsalle. Gashinta ya tashi ya yi ƙura, cikinta ya kumbura, ƙafafu suka zama sanduna. Sai ka gan ta tana lasar ƙasa gindin turke. Ina dama mata ƙasari da ɗan gishiri, ya sa ta zawo. 'Yar farina ta riƙa rage kununta a ɓoye tana kai mata a ƙoƙo, na gani na yi kamar ban gani ba. Wata rana Mushe Lawali ya zagayo gidaje, ya tsaya kan Ladi ya daɗe yana kallo.

"Uwata, mi ya samu maruƙan garin nan? Duk gidan da na shiga haka suke. Ko tsutsar ciki ce?"

Maganar ta zo mini har maƙoshi. Abin da ya rage in ce, Mushe, yunwa ce, mun yi maka ƙarya gindin tsamiya, ka sauko da layinka. Kalma nawa ce? Amma na tuna Habsu, na tuna idon mai gari, na tuna tiyar masara. Na ce, "Wataƙila tsutsar ce." Washegari bawan Allahn nan ya dawo da ƙwayoyin magani da ya saya da kuɗin aljihunsa, ya bi gida gida yana ɗura wa maruƙan da ba abin da ke cikinsu, ko tsutsar ma ba ta da abin ci.

Hadari ya fara haɗowa gabas da la'asar, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta zo ta watsa shi. Kullum muna cewa saura kwana kaɗan. Wata yamma Habsu ta shigo ta zauna bakin turmi, ita ma ta zube, idonta ya faɗa.

"Barira, gobe in bai cika ba mun tashi a banza. Maruƙa uku sun riga sun mutu a garin nan saboda bidon nan. In muka bari yanzu, don mi suka mutu? Ke ce ba ki taɓa fashi ba. Ki taimaka, ko na mako guda."

Da asuba na fito da ƙwarya na tarar da Inna zaune a ƙasa gefen Kyalla. Ita kaɗai ta lalubo hanya daga ɗaki har turke. Na kwance Ladi, da ƙyar ta taka, ta tsotsa har nono ya sauko, na janye ta. Na tatsi na gaba, ko gindin ƙwarya bai rufe ba. Na kai hannu baya sai na ji hannun Inna a can, ta riƙe su duka biyun.

"Inna, ki bari."

"Na kakarki ne, na ɗiyarki ne. Ba naki ba ne ke kaɗai."

"Yara za su kwana da yunwa."

"Na sani. Ni ma na kwana da yara da yunwa, ban taɓa na baya ba. Ki zuba musu ruwa, ko ki gaya musu gaskiya."

"Gilashin zai tona."

"To sai ki cire hannuna."

Daga nesa na ji moto yana hon. Na ajiye ƙwarya, na kama yatsun uwata ɗaya bayan ɗaya na ɓamɓare su, na ɗora mata hannun bisa cinyarta. Ba ta yi gardama ba. Na tatse duka huɗun har suka yi laushi. Ranar bido ya cika har ya taɓa jan layi, mata suka yi guɗa. Haka na yi washegari, haka na yi jibi, Inna ba ta sake fitowa ba.

Ladi ta kwanta a rana ta shida bayan haka, da azahar, cikin inuwar katanga. 'Yar farina ta zauna kanta tana kore mata ƙuda da faifai. Na aika a kira mai yanka don kada naman ma ya tafi a banza, kafin ya zo ta miƙe ƙafafu. Ya tsaya ya dube ta ya ce, "Ai ta zama mushe." Wata maƙwabciya da ta leƙo ta katanga, mai bakin tsiya, ta ce, "To, Mushe ya kawo mana mushe." Ba wanda ya yi dariya. Yarinyar kuwa ba ta yi kuka a gabana ba. Ta kwance igiyar wuyan maraƙar, ta naɗe, ta shige ɗakin Inna.

Kyalla ta wuni tana kuka, ta riƙe nononta. Kwana biyu ina murza hantsa ko ɗigo, sauran mata ne suka matse nasu suka rufe mini giɓin a ɓoye. A rana ta biyun Inna ta yi mini magana, karo na farko tun waccan asubar. Ta ce in kira Ɗan Baro. Wani dattijo ne daga gidajen Anna na bayan gari, masu bin al'adar kakanni, ba wanda ya kai shi sanin dabba a yankinmu. Tun ranar da Ladi ta mutu, shi ne ya feɗe fatar ya shanya, kamar ya san za a neme ta. Ya zo da ita, ya cusa mata busasshiyar ciyawa, ya ɗinke, ya kafa mata ƙafafu da itace, ya yayyafa ruwan kanwa a bayanta. Ya kai ta gaban Kyalla ya ja da baya.

Ta shinshina. Ta yi wani ƙaramin gunji da ban taɓa jin irinsa ba. Sannan ta fara lasar farin goshin nan, a hankali, nono ya sauko har yana ɗiga ƙasa. Na durƙusa ina tatsa ina hawaye, yanzu duka huɗun nawa ne, ba mai jayayya da ni.

Inna ta sa aka jagorance ta har wurin. Ta shafa fatar tun daga kunne har wutsiya, yadda ta yi ranar haihuwa. Ciyawa na ƙara a ƙarƙashin hannunta.

"Ki adana ta da kyau, Barira," ta ce. "Ita za ki raka ɗiyarki da ita ɗakin miji."

Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka. Kwana tara! An yi shi da hantsi kamar da bakin ƙwarya, ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna ihu. Ni ina tsaye cikin rumfa na shigo da fatar don kada ta jiƙe. Kafin mako biyu ciyawa ta rufe fako, shanun da suka rage suka murmure, madara ta wuce jan layi har muna dawowa da saura. Sai gulbi ya kawo, hanya ta yanke, moto ya yi kwanaki bai tsallaka ba. Da ruwa ya janye mai moto ya je ya dawo da bido cike kamar yadda ya tafi da shi. Wai Hajiya ta ce yanzu matan ƙauyukan bakin Maraɗi na kawo mata har ƙofa, kuma da arha, a gaishe mu, sai wata bazarar.

Ba a daɗe ba aka ce wa'adin furoje ya cika. Aka tara mu gindin tsamiyar nan, aka raba lemu, aka ɗauki hoto. Mushe Lawali ya kira sunana ya miƙo mini wata takarda mai hatimi, wai ta yabo ce, don a littafinsa ni kaɗai ce ban yi fashin ko kwana ɗaya ba. Aka tafa mini. Na karɓa da hannu biyu na ce na gode. Har ya tafi bai san abin da ya cika masa bido ba, kuma wannan laifin namu ne. Amma ina tambaya har gobe: mutumin da ya tambaye mu nisan hanya, da lokacin tashi, da sabulun da muke wanka da shi, me ya hana shi tambayar abin da maraƙi ke sha?

Kyalla ta ci gaba da lasar fatar nan mai ciyawa har kaka, sannan ta ƙafe. Ba ta sake ɗaukar ciki ba. Bayan shekara biyu mahauta suka tafi da ita. Inna ta rasu a tsakanin, mun shirya, ta yafe mini da bakinta, amma ba ta sake shan nonon gidana ba. Ranar da aka kai 'yar farina ɗakin miji a garin Sarkin Yamma an kai ta da gado da kwanoni da komai, ba a kai ta da karsana ba. Ita ce ta farko a danginmu. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Da na je ganin ɗakinta na hangi igiyar nan rataye bayan ƙofa.

Na ba Sahiya wannan labarin duka ranar Larabar nan. Ta saurara da ladabi, ta ce, "Allah sarki, Iya," ta ce amma yanzu zamani ya sake, waɗannan da firigo suka zo, har rumbun abincin dabbobi sun ce za su buɗe. Na ce Allah ya sa, kuma da zuciya ɗaya na faɗa, don na san abin da tafiyar Madarunfa da ƙwarya ke yi wa wuyan mace. Na ce ta dai koma ta gaya musu lita ɗaya ce, ba uku ba. Ta ce to. Na san irin wannan to ɗin.

An fara kwasa makon jiya. Saniyarsu na da maraƙa, 'yar wata uku, baƙa. Rumbun abincin dabbobin kuwa har yanzu ana jiran takardunsa. Yau da asuba ina kwance na ji Sahiya ta durƙusa. Na ji ƙarar na gaba a ƙwarya, na ji ta sirance, na ji ta tsaya. Sai na ji wata sabuwa, mai ƙarfi.

Na tashi na lalubi bango har turke. Na zauna a ƙasa, na miƙa hannu na riƙe na baya biyun.

"Iya, don Allah. Tawa kaɗai ake jira, ba ta kai ba."

"To sai ki cire hannuna."

Can bakin kasuwa moto ya yi hon. Na ƙara damƙewa iya ƙarfina, ko da yake na fi kowa sanin hannun tsohuwa. Na taɓa ɗaga shi, ba shi da nauyin komai.